Muryar da Abarshi Ya Gane a Hanyar Kelle

Abarshi direban kamiyo ne, babbar motar kaya, a Gure. Shekara ashirin yana kai gero kasuwannin Kelle da Alakos, bai san fargabar hanya ba sai a 1994, da masu bindiga suka fara tare motoci.

Wata Laraba da hantsi suka tare shi gab da Kelle, su biyar, fuska a rufe da rawani. Suka kwantar da duk na cikin motar a kan rairayi. Wanda ya ɗora masa bindiga a ƙeya ya ce, "Kada ka ɗago, Baba Abarshi."

Muryar Mainasara ce, mahaucin unguwarsu, wanda aka taɓa zargi da sayar da naman raƙumin sata. Alƙali ya wanke shi, amma mutane suka daina sayen namansa, a masallaci ana matsawa daga gefensa. Abarshi ma ya daina amsa gaisuwarsa. Bayan damina Mainasara ya ɓace.

Masu bindigar suka kwashe buhunan gero suka tafi. Kwana uku Abarshi yana juya maganar a ransa. In ya faɗa wa jandarma, Mainasara ya san ƙofar gidansa. In ya yi shiru, gobe a harbe wani. A ƙarshe ya je ya faɗa.

Da labari ya bazu, gari ya juya wa Aisami baya, wan Mainasara, makanike mai ƴaƴa huɗu. Ba mai kai masa mota. Abarshi ya yi niyyar zuwa garejinsa, matarsa Kaltumi ta roƙe shi ya bari, kada a ce bakinsu ɗaya. Ya ce mata abin da ya fi tsoro shi ne wata rana ya ji muryar Aisami a hanyar nan.

Da rana tsaka ya kai kamiyo garejin, ya ce a duba birki. Aisami na riƙe da wani dogon ƙarfe, Abarshi ya kasa ɗauke ido daga kan ƙarfen.

Aisami ya ce, "Kai ka kai sunan gidanmu wajen jandarma?"

"Ni ne."

Aisami ya ajiye ƙarfen ya shige ƙarƙashin motar.

Kafin bikin sallah direbobi uku sun koma kai wa Aisami gyara. Mainasara kuwa ba a ƙara jin ɗuriyarsa ba. Abarshi ya bar hanyar Kelle ya koma ta Damagaram, kuma har ya bar tuƙi, in an ƙwanƙwasa ƙofarsa sai ya tura a tambayi ko wane ne.