Raƙumin da Na Tayar a Dutse Alhaji

Ana idar da sallar asuba muka bar Zariya, ni da Gwaggo, za mu Abuja duba Yayana. Shanyewar ɓarin jiki ce ta same shi a shagonsa na atamfa. An kwantar da shi asibiti a Gwagwalada, aka sallamo shi yana motsa hannun hagu, amma magana ta ɗauke, kuma babu mai iya cewa ko yana fahimtar abin da ake faɗa masa. Dattawan gidanmu sun turo Gwaggo da hukunci a hannu: in ta ga hankalinsa ba ya jikinsa, a sayar da shagon a dawo da shi gida. Ni raina bai so ba ko kaɗan, don na san wuyar da ya sha kafin ya kafa shagon nan.

A tasha, kafin mota ta cika, wani mai tallar littattafai ya turo mini hajarsa ta taga. Na zaro wani sabon littafin yaƙi, an rubuta "na ɗaya" a bangonsa. Yaya ne ya koya mini karanta irinsu muna yara. Gwaggo ta taɓe baki, wai uwar 'ya'ya uku guda da karatun ƙarya.

Kuɗin mota dai ba a cewa komai. Hanya kuma wani wuri sumul, wani wuri ana gyara a mayar da ku hannu ɗaya da tireloli. Iyakar abin da zan iya faɗa ke nan, don kaina yana cikin littafi. Marubucin bai tsaya doguwar gaisuwa ba, a shafin farko wani matsafi ya zuƙe kogin gari guda ya ɗura a gora ya gudu. Wani ɗan masunta ya bi shi da mashi, a kan raƙumi mai ido ɗaya. Kowane babi sai an gwabza, kuma ba ya ƙarewa sai ran wani yana hannun Allah, ka ce bari in ga ɗaya kawai in ajiye. A Tafa muka tsaya cin abinci, shinkafa da wakena ta huce a gabana. Dutsen Zuma ma sai da muka wuce Gwaggo ta zungure ni.

Daga Zuba muka sake mota zuwa Dutse Alhaji, inda Yaya yake zaune. Unguwa ce cunkus, gida kan gida, kowane lungu da mai tireda, Hausa kuma kowa da irin tasa. Mai keken da ya ɗauke mu ya dubi Gwaggo ya ce, "Oga Hajiya, ka shiga." Har muka isa tana mitar an mayar da ita namiji da tsufanta.

Mun tarar da Yaya jingine da filo, ya rame, idonsa a bango. Gwaggo ta gaishe shi, ta tambaye shi ko ya gane ta, ta jero masa sunayen 'yan gida kaf. Ko ƙifta ido bai yi ba. Matarsa ta ce haka yake wuni. Na fita tsakar gida na yi kukana na dawo.

Washegari zaman shiru ya ishe ni, na ɗauko littafin na fara karantawa a bayyane. Gwaggo ta juya mana baya da carbinta. Yaya bai motsa ba, ni ma ban fasa ba, har muka kai inda ɗan masunta ya sauka cikin rijiyar matsafi ya damƙi gorar, a sama kuma wani ya ɗora wuƙa a kan igiya. A nan na ɗaya ya ƙare. Ina rufewa hannun Yaya ya kama gefen mayafina. Na ce wa Gwaggo na biyu yake nema. Ta ce jijiya ce ke motsi, kada in yaudari kaina, ita jibi za ta kira gida ta faɗi abin da ta gani.

Da safe na tafi Utako neman na biyu. Abuja ta can daban ce, tituna fetal, amma tumatirin da za ka saya a kwano a Zariya a nan ƙirga maka shi ake yi. Na zaga kasuwa, na shiga tashoshin mota, har aka nuna mini wani Bakano mai shimfiɗa littattafai kusa da masu shayi. Yana ganin bangon ya yi dariya, ya ce na biyu bai fito ba. "Hajiya, ai marubucin ma yana cikin rijiyar, bai san ta inda zai fito ba."

Da na dawo na kasa gaya wa Yaya. Na ɗauko waya na ce an turo mini na biyu, na kafa wa fuskar wayar ido na shiga shirya nawa. Na tsinke igiyar, na sa yaron ya hau bango da farce, ya kashe masu gadi, ya yi fito, raƙuminsa ya taho a guje ya ɗare. Ni kaina na fara jin daɗin abin.

Sai na ji wani sauti daga gado, kamar mai kakarin fitar da ƙaya. Bakin Yaya ya karkace, yana ta kokawa da harshensa. Da ƙyar abin ya fito: "Raƙumin... ya mutu."

Ashe garin sauri na manta da hakan. Gwaggo, wadda ke cewa ba ta jin ƙarya, ta juyo da carbinta a hannu. "Ƙwarai ya mutu. Kunamar nan ta harbe shi a bakin kogo. Ke wace irin mai karatu ce?" Sai a lokacin ta gane wanda ya riga ta magana. Ta saki carbin ta rufe fuska da mayafi, matar Yaya ta shigo da ludayi a hannu, muka haɗu muna kuka. Shi kuwa harara kawai yake aiko mini, irin wadda yake yi mini in na ɓata masa littafi muna yara.

Ni da Gwaggo kaɗai muka koma Zariya. Yaya ya zauna a ɗakinsa yana ci gaba da zuwa gashin jiki, ƙanin matarsa yana buɗe shagon kafin ya miƙe. Abin da tafiyar ta koya mini shi ne, an yi ta tambayar Yaya abin da ya wuce bai amsa ba, ashe abin da zai faru gaba yake son ji. Littafin da ya iya yankewa a bakin rijiya ya san aikinsa.

Muna shiga gida dattawa suka tare Gwaggo da tambaya. Ko zama ba ta yi ba ta ce, "Wanda ya riƙe mutuwar raƙumi zai riƙe shagonsa. Ba a sayarwa." Suka dubi juna, babu wanda ya gane raƙumin wa ake nufi.