Sunan da Inna Ta Faɗa Sau Ɗaya

Shekara talatin ke nan cif da muka kai Inna makwancinta, kuma har yau ban taɓa zaunar da kowa na faɗa masa abin da ya shiga tsakanina da ita ba. 'Ya'yana sun tashi sun ga kakarsu mace ce mai shiru. Ba su san da can babu mai baki kamarta a gidan hayarmu na Fagge ba, balle su san ni na jawo shirun. Yanzu da idona ya daina ganin kafar allura, na ga gara in faɗa tun ina da sauran numfashi.

Mu mutanen gabas ne. Ƙauyenmu yana bayan Nguru, tafiyar yini biyu a ƙasa daga inda jirgin ƙasa ke tsayawa. Ina goye aka baro shi, shekarar da fara ta cinye gero. Babana ya zo Kano da niyyar ya yi rani ɗaya ya koma, ya kama dako wurin masu gyaɗa. Damina ta zo ta wuce, wata ma ta zo ta wuce, sai ciwon ciki ya ɗauke shi ina ɗan shekara huɗu. Inna ba ta da mai rakiya, ba ta da guzuri, ta zauna tana surfe da ɓarar gyaɗa har ta raine ni. Na girma na zama tela, na sami rumfa a kasuwar Sabon Gari, na yi aure, aka haifa mini yara biyu. Duk muna cikin ƙananan ɗakuna biyu, a gidan da 'yan haya suka fi ƙofofi yawa. Cikin birni ana ce mana baƙi, a ƙauyenmu kuwa wa ya san da mu? Zaman ya ishe ni, ba kaɗan ba.

Inna ita gangar jikinta ce kawai a Fagge. Da an yi la'asar sai ta jawo tabarma tsakar gida, ta ɗora farantin gyaɗa a cinya, ta hau lissafin dangi. Matan gidan su kewaye ta suna yi mata dariya, don har ta bar duniya Hausarta ba ta miƙe ba. Ko a jikinta. Ta faɗi yadda Falmata 'yar Aisami ta auri Kyari mai tukwane, da yadda aka yi shekara biyu ba a gaisawa tsakanin gida biyu a kan akuyar da ta shiga wake. Ta faɗi ranar da rijiya ta rufta da wani mai suna Gaji, gari duka ya fito da ƙwarya da hannu aka tono shi da rai, ya buɗe ido ya tambaya ina hularsa. Ta fi son labarin gayya: mai gona ya aika gida gida, mata su yi tuwo da kunu, maza su jeru da garma, kafin azahar an gama gonar da mutum ɗaya zai yi sati a kanta. Ni ina gefe ina saka maɓalli, da kunne ɗaya nake ji. Na ɗauka labarin yana nan kullum kamar randar gidan.

Sai dai lissafin nan nata akwai rami a cikinsa. Mace a wurinmu ba ta faɗin sunan mijinta, ba ta faɗin na ɗanta na fari, balle na uban mijinta. Babana Malam take ce masa. Ni Tela. Surukinta, wato kakana, Mai Rijiya take ce masa, don shi ya haƙa rijiyar unguwarsu. Kakannin da ke sama da shi tana jero su tiryan-tiryan har biyar. Sunan babana na sani, shi nake amsawa. Na kakana ne kawai ban taɓa ji ba, ban kuma taɓa ganin abin damuwa ne ba.

Lokacin da gyaɗa ta yi daraja, Turawa na shirin tattara nasu-ya-nasu, sai ga wani tsoho ya yi sallama a zaurenmu. Baba Modu ne, manzon bulama, wato mai garinmu. Ya san Inna tun tana amarya. Ya kawo saƙo cewa kowa yana neman gona yanzu, gonar kakana kuwa tana hannun wasu 'yan uwa na nesa. Idan akwai magaji, ya zo kafin ruwan fari ya tsaya gaban dattawa ya ƙirga ubanninsa, daga kansa har sama, ba tsallake. Haka ake yi wa duk wanda ya daɗe a waje. Idan bai zo ba, ko ya zo ya yi tuntuɓe, an sallama gonar har abada.

Inna ta yi guɗa a ranar. Ta ce Allah ya amsa, za a binne ta kusa da uwarta. Ni kuwa har na fara tunanin wanda zan bar wa rumfa. Sai da na zauna hardace sunayen na ga ramin a gabana. Na roƙi Baba Modu, tunda ya san sunan. Ya ce, "Ɗana, an rantsar da ni kafin in taso. Ba zai fito daga bakina ba."

Akwai wani malamin makaranta mutumin kudancin Zariya, Malam Yohanna, wanda nake ɗinka wa wanduna a Sabon Gari. Shi ya kawo dabara. Ya ce mu tara sunaye mu riƙa karanta mata, in an faɗo shi ta sunkuyar da kai kawai. Inna ta yarda. Muka bi fatake da masu sayar da kanwa 'yan gabas muna tambayar sunayen kakanninsu, Malam Yohanna na rubutawa. Kwana biyar ina karantowa, tana kallona ido a buɗe, kanta bai motsa ba. Sunan tsohon suna ne, irin wanda aka daina sa wa yara tun kafin a haife ni. Babu mai irinsa a Kano da za ta nuna ta ce takwaransa ne. Rubutu kuwa ba ta iya ba.

Ranar da Baba Modu zai koma, da hantsi, hadari ya fara haɗowa daga gabas. Na fito tsakar gida na same ta da farantinta. Ni mutum ne mai saurin fushi, duk wanda ya kawo mini ɗinki ya sani. Na ce, "Inna, yau fa za a tafi." Ta ce, "Tela, na gwada ni kaɗai a ɗaki. Bakin ya ƙi." Na ce, "Matattu kike jin kunya, mu rayayyu mu ruɓe a nan? Ke kika ce a gida kike so a binne ki. To ki zauna da kunyar taki, a nan za a tura ki rami cikin baƙi."

A gaban matan gida na faɗi haka, Baba Modu yana tsaye bakin zaure da sandarsa. Inna ta ajiye farantin a hankali, ta miƙe, ta juya mana baya ta fuskanci bango. Ta faɗi sunan, sau ɗaya, da ƙarfi, yadda ba zan ce ban ji ba. Baba Modu ya sunkuyar da kai ya ce, "Wayyo, Yagana." Sunanta ke nan. Ta shige ɗaki ta saki labule, ni kuma, Allah ya yafe mini, murna ce ta fara zuwa mini.

Na bi Baba Modu muka hau jirgi. Na tsaya a ƙofar bulama na ƙirga ubannina bakwai ban yi tuntuɓe ba, aka ce gona tawa ce. Sai wani dattijo ya ɗago ya ce, "Yaro, wa ya rage a Kano da ya san sunan nan?" Kowa a wurin ya san Inna ce kaɗai. Wata tsohuwa sa'ar Inna da ke leƙe ta bayan danga ta kama baki. Ban fahimci girman abin ba sai da ruwa ya sauka na kira gayya. Na aika gida gida kamar yadda Inna ke faɗa, na sa aka tuƙa tuwo tukunya uku. Baba Modu kaɗai ya zo, shi ma ba ya iya ɗaga garma. Muka zauna gindin bishiya muna kallon tuwo yana hucewa. Ba wanda ya zage ni, ba wanda ya kore ni. Sun dai ga ɗan da ya tsaya a kan uwarsa har ta faɗi abin da mace ba ta faɗi, suka bar ni da gonata. Hannun da ya saba da almakashi kuwa bai iya komai da ita ba.

Na dawo Fagge na ce wa Inna ta shirya mu tafi tare, in suka gan ta za su sauko. Ta ce, "Da wane ido zan shiga garin? Ka je kai." Ba faɗa, ba kuka. Ni kaɗai ta haifa, ina zan je in bar ta? A wurinmu gonar da ta yi damina uku ba a nome ta ba, takan koma hannun bulama. Ina zaune kan keken ɗinki a Sabon Gari na ƙirga daminar ɗaya bayan ɗaya har suka cika. Daga ranar nan ta hantsi kuma Inna ba ta sake lissafin dangi ba. Takan fito da farantinta bayan la'asar, matan gida su tsokane ta, su ce Inna ina Gaji da hularsa, ta yi murmushi ta ci gaba da ɓara. Abin da na kawo muku a sama shi ne duk abin da kunnena ɗaya ya tsinta. Sauran, wa ya haifi wa, wa ya shayar da wa, wace ce uwar kakana, duk sun tafi da ita.

Nakan tambayi kaina me za ta ce da ta ga yau. Rannan a Kasuwar Singa na ji wata yarinya tana ƙwala wa mijinta kira da sunansa na yanka, ko waiwayowa ba wanda ya yi. Matar ɗana ta kai ni asibiti, aka tambaye ta sunana, ta faɗa garau kamar tana sayen tumatir. Ban ji haushi ba, yarinyar kirki ce, ita ke kula da ni a Rijiyar Lemo inda nake zaune yanzu. Ina jin Inna za ta ja mayafi ta rufe baki, daga baya ta yi dariya ta ce zamani ne. Ni ba zan ce al'adar nan daidai take ba. Ta ɗaure uwata, ta ɗaure ni, ta raba mu da gida. Amma Inna da ita ta san kanta, da ita take ɗaga kai cikin mata, ni kuma na karɓe mata ita a bainar jama'a don gonar da ban iya nomawa ba.

Abin da ya rage mini daga gare ta bai da yawa. Sunaye bakwai na maza, na sa an rubuta wa jikokina, ba wanda ya san fuskar ko ɗaya daga cikinsu. Gona ta tafi. Kabarinta yana nan Kano, inda na ce za ta kwanta. Sai kuma maganar da ta yi mini ta ƙarshe.

Ciwon ajalinta bai daɗe ba. Wata azahar na rufe rumfa na dawo na zauna kusa da ita, na kama hannunta na ce, "Inna, ki yafe mini maganar ranar nan." Ta ce, "Kai na yafe maka tun kafin ka kai tasha, Tela. Mai Rijiya nake tunani. Ga shi zan je in tarar da shi, ban san inda zan sa fuskata ba."

Kwana biyu bayan haka ta cika. Shekara talatin ke nan, duk lokacin da na idar da salla ina roƙa mata gafara kamar yadda kowane ɗa ke yi wa uwarsa. Sannan in ƙara da roƙo ɗaya wanda ban taɓa jin wani malami ya koyar ba. Nakan ce, ya Allah, ka sanar da kakana cewa ba ita ba ce. Ni na sa ta.