Eleodoro Zegarra, Malamin da Ya Ƙi Soke Lacca

Ranar Talata, tara ga watan Yuli, ina tsakiyar koyarwa da hantsi Celinda, babbar 'yarka, ta kira ni. Ta ce, "Maritza, Baba ya rasu." Bayan karin kumallo ka zauna a bakin taga a gidanka na unguwar Yanahuara, ka ce ƙirjinka ya yi nauyi, kafin motar asibiti ta iso rai ya yi halinsa. Shekararka saba'in da ɗaya.

Malam, ina rubuta wannan a matsayin ɗalibarka, kuma a matsayin ɗaya daga cikin waɗanda suka juya maka baya. Ba zan ɓoye na biyun ba don kawai ba ka da bakin faɗa yanzu.

Ina 'yar shekara goma sha takwas na sauko jami'a a birnin Arequipa daga ƙauyenmu na kan duwatsu, bakina bai saba da Sifaniyanci ba, don da yaren Kechuwa aka raine ni. Ran da na fara ɗaga hannu a ajinka na tarihi, 'yan birni suka fashe da dariya. Ka ajiye alli ka ce, "Ita harshe biyu take ji. Mai jin uku a cikinku ya ci gaba da dariya." Nan take dariyar ta tsaya. Daga nan kowace Lahadi da safe mu 'yan ƙauye a gidanka muke, matarka Mama Nélida tana zuba mana farfesun adobo, kai kuma kana tsokanarmu da gardama har abincin ya huce.

A shekarata ta uku wani tsohon kanar na soja ya zo yin lacca, mutumin da ya rubuta littafi yana wanke abin da aka yi wa ƙauyuka a shekarun tashin hankali. Kowa ya san ƙanenka a shekarun nan ya ɓace, ba a ga ko gawarsa ba. Muka tare ƙofar zauren, muna zaton za ka yaba mana. Sai ga ka, ka ratsa mu ka buɗe ƙofar da hannunka. Ka ce, "Ku bar shi ya faɗi nasa, sannan mu tambaye shi. In kun kore shi, gida zai koma yana cewa tsoronsa kuka ji." Ya yi maganarsa ba wanda ya katse shi. Da ya gama ka miƙe daga kujerar baya, ka yi ta jero masa sunayen ƙauyuka da ranaku har ya nemi a ba shi ruwa.

Shekara huɗu da suka wuce, ina malama a sashenka, ka gayyato wata likita da ta gudo daga ƙasarsu. Ba zan kira sunanta ba, ko sunan ƙasar, don har yanzu tana da dangi a can. Ta yi aiki a asibitin gidan yari, za ta faɗi abin da idonta ya gani. Ita kuwa ƙasar nan ita ta gina wa jami'armu sabon ɗakin bincike, kuma duk shekara tana ɗaukar ɗalibanmu arba'in su je can ƙaro ilimi kyauta. Yawancinsu 'ya'yan talakawa ne irina.

Kwana uku da liƙa sanarwa aka kira shugaban jami'a daga ofishin jakadancin ƙasar. Washegari aka ce babban zaure na bukatar gyaran lantarki. Ka nemi ƙaramin, aka ce shi ma. Sannan wasiƙa ta zaga ofisoshin malamai, ana roƙonka ka ɗage laccar saboda makomar ɗalibai. Ɗalibaina biyu, Wilber Ccama da Yesenia Taco, saura wata biyu su tafi. Na sa hannu.

Muka haɗu a kan matakala. Ka ce, "'Yata, na ga sunanki. Rubutunki dai ya gyaru."

Na ce, "Malam, yaran nan ba su da wata hanya. Wata uku kawai aka ce."

Ka ce, "Bayan wata uku wasu yaran ne za su tafi. Ai kullum akwai masu tafiya. Yaushe ke nan za ta yi magana?"

Sai ka wuce.

Ranar laccar, da ƙarfe goma na safe, kai da kanka ka riƙa ɗauko kujeru daga aji kana jerawa a farfajiya, cikin rana. Mutane sun kai ɗari biyu. Wasu maza uku da ba wanda ya sani suna zagayawa suna ɗaukar hoton fuskokin jama'a. Likitar ta yi magana minti arba'in, ba lasifika, a kan irin raunukan da ta ɗinke da waɗanda aka hana ta ɗinkewa. Wani ɗalibi ya miƙe ya ce ƙarya take, biyanta aka yi. Jama'a suka taso masa, ka ɗaga hannu ka ce a bar shi ya ƙarasa, ita kuma ta ba shi amsa. Ni duk wannan daga tagar ofishina na hawa na biyu na gan shi. Ban sauko ba.

Kafin wata ya ƙare aka dakatar da tafiyar ɗaliban gaba ɗaya. Iyaye suka zo har ƙofar sashe suna zaginka. Wata jarida ta ce wata ƙasar ce ta saye ka. Aka kafa kwamiti, aka same ka da laifin amfani da farfajiya ba izini, aka sauke ka daga shugabancin sashe, aka nuna maka takardar ritaya. Shekara talatin da takwas kana koyarwa, amma ran da ka kwashe littattafanka, daga kai sai Celinda.

Daga baya na ji ka shafe shekara guda kana rubuta wa jami'o'in waje wasiƙu saboda yaran. Ka samar wa tara wuri, har da Yesenia. Wilber bai samu ba. Tasi yake ja yanzu. Ya gaya mini wata rana ka tsayar da shi a titi ba tare da ka san shi ne ba. Da ka shiga ya ce, "Malam, ina za a kai ka? Ni kam ka riga ka kawo ni inda za ni." Ya ce ba ka kare kanka ba. Cewa ka yi, "Ɗana, ka yi gaskiya. Kai ka biya, ba ni ba." Ya ci gaba da tuƙi har ya sauke ka.

Sai da na yi fiye da shekara uku ban taka gidanka ba. Mako biyu kafin rasuwarka na je, na shirya doguwar magana tun daga hanya. Na tarar ka rame, bargo a kan gwiwoyinka. Mama Nélida ta kawo shayi. Da na fara, ka katse ni.

"Bar wannan, 'yata. Abin da kika ji tsoro ai shi ya faru. Gaya mini, bana wa kuka gayyata?"

Na ce yanzu sai an miƙa sunan baƙo ga wani kwamiti, wata biyu kafin lokaci.

"Sunaye nawa suka ƙi?"

Na ce, "Ko ɗaya. Ba wanda ya miƙa."

Ka juya ka kalli waje. Sannan ka tambaye ni lafiyar mahaifiyata. Na tafi ban nemi gafarar ba.

Ranar Alhamis aka yi maka addu'a a cocin unguwa. Jami'a ta aiko da furanni mafi girma, kuma mutumin da ya shugabanci kwamitin da ya sauke ka shi ya karanta jawabin yabo. Wilber ya yi sawu uku yana kai tsofaffin maƙwabtanka makabarta, bai karɓi ko sisi ba. Amma bai shigo ba. A mota ya zauna har aka rufe ka.

Mama Nélida, Celinda da ƙanenta Hernán, da jikoki, ina yi muku ta'aziyya. Kun ci gaba da gaishe ni a kasuwa a shekarun da ban cancanci gaisuwa ba. Allah ya ba ku haƙurin wannan rashi, ya tsare gidanku.

Malam, Ubangiji ya jiƙanka, ya gafarta maka kurakuranka, ya ba ka hutawa ta har abada. Ya sada ka da ƙanenka, wanda ba ka daina nema ba. Ya sanyaya zuciyar Wilber, ya buɗe masa hanya. Mu kuma da muka rage a sashen, muna shiga aji kowace safiya muna auna kowace kalma kafin ta fita, Allah ya ji tausayinmu. Amin.