Waƙar da Na Fassara wa Bature

Kakata Iya Saraya ba ta fara tatsuniya sai tuwo ya sauka, itacen murhu ya zama garwashi. Mu kewaye ta, tana gasa mana gyaɗa tana zaginmu. Ni take ce wa maigida, wai mijin da ba ya cefane sai ci. Da Hausa take ba mu labari, amma in aka zo wurin waƙa sai ta koma yaren dutsen da aka haife ta. Mu dai amshi muke yi, ba mu san me muke faɗa ba.

Ina aji biyar wani Bature ya sauka ƙauyenmu, matarsa tana aiki a asibitin mishan. Masanin al'adu ne. An ce ya yi shekara da shekaru cikin mutanen Maya a Guatemala yana fassara tsofaffin littattafansu. Mutum ne mai haƙuri, har shirun da Iya take yi tsakanin magana yake rubutawa. Ni aka sa tafinta, kaina kuwa ya kumbura.

Ran nan ta ba shi labarin matar da ta kwantar da jaririnta gindin dutse tana noma, dutsen ya haɗiye shi. Kullum magariba takan je ta yi waƙa, dutsen ya ɗan buɗe, ta hango ƙafar yaron, ya sake rufewa. Iya ta rera waƙar idonta a rufe. Bature ya tambaye ni ma'anarta. Kunya ta hana ni cewa ban sani ba. Na ce ai cewa take, “Dutse, ba ni ɗana.” Ya rubuta, har da godiya.

Yanzu tafinta ne ni a wani asibiti a Deira, can ƙasar Larabawa. Bara na ji rasuwar Baturen, aka zuba kaset-kaset ɗin muryoyin da ya ɗauka a intanet. Wata Juma'a na zauna a ɗakina a unguwar Hor Al Anz na nemo namu. Ga muryar Iya, ga tawa, ga ƙaryata an buga ƙarƙashin waƙar da sunan fassara. Iya ta daɗe da rasuwa. Na buga waya gida, babu wanda ya rage mai jin yaren.

Na mayar da kaset ɗin baya, na ƙara murya. Ashe bayan na yi wa Bature Turanci, Iya ta yi magana ƙasa-ƙasa, ni kuwa ina can ina cika baki.

“Maigida, me ka gaya masa? Ba ka tambaye ni ba fa. Tambaye ni mana, in faɗa maka.”