Hasumiyar Baba Tsaya-Haka

Duk wanda ya girma a unguwar nan ya taɓa zuwa babban birnin ƙasa ba tare da ya hau mota ba. Shagon mai hoto kawai zai shiga, ya tsaya gaban labulen da ke rataye a bangon ciki, wanda aka zana doguwar hasumiyar babban birni a jikinsa, ruwa na tsartuwa a gindinta, tantabaru na shawagi a sama. Sai mai shagon ya kama haɓar mutum ya juya, ya danne masa kafaɗa, ya ja da baya yana cewa tsaya haka. Daga nan ya samo sunan Baba Tsaya-Haka. Shi kansa bai taɓa taka birnin ba, kuma ba wanda ya isa ya tuna masa.

Mutum ne mai wuyar sha'ani, gaskiya. Abin alfaharinsa shi ne tunda yake bai taɓa ɗaukar mutum sau biyu ba. In ka ƙyafta ido, kai ka jiyo. 'Yarsa ɗaya tal, ita ce ta fari ita ce auta, Auta kuma ake ce mata. Uwarta ta rasu tana ƙarama, ya raine ta a shagon nan tsakanin benci da warin ruwan wanke hoto. Bango guda hotunanta ne gaban labulen: tana rarrafe, tana cikin kayan makaranta, tana sanye da farar rigar aikin jinya. Babu ko ɗaya da yake ciki, don kullum shi yana bayan kyamara.

Sai ta auri wani mai kemis. Mutumin kirki ne a bakin kowa, ban da bakin Baba. Laifinsa na farko, ranar biki ya ɗauko wasu samari masu hoto daga waje. Na biyu ya fi muni: wata rana ya leƙo shago, ya shafa labulen yana dariya, ya ce ya ji jiki, ai yanzu a waya ake liƙa wa mutum duk birnin da yake so. Tun daga ranar Baba ya daina amsa gaisuwarsa da baki, sai da hanci, ya kuma laƙa masa suna Mai Agogo saboda yawan duba tsintsiyar hannu.

Da Auta ta samu hutu ta ce za su kai shi yawon buɗe ido babban birni, kowa ya zaci zai ƙi. Bai ƙi ba, don yana da buri guda da bai faɗa wa kowa ba: hoto ɗaya, shi da 'yarsa, gaban hasumiyar gaske. Ya goge tsohuwar kyamararsa, ya sa mata fim, har ya kafa ƙusa a tsakiyar bangon Auta inda zai rataya hoton.

A motar Mai Agogo aka tafi, wannan ma ya ishe shi takaici. Suna isa ya fara kushe. A gidan tarihi ya ce an tara tukwanen da kakarsa za ta zubar an sa a gilashi. A gidan namun daji zaki na barci, ya ce ko karen maƙwabcinsa ya fi wannan kwarjini. Ginin majalisa daga nesa suka hango shi, ta bayan shingen ƙarfe, ya ce da ma haka ake yi wa talaka. Duk inda suka tsaya surukin zai miƙe hannu da waya, ya karkatar da kai, ya danna ya sake dannawa, Baba na kallonsa kamar mai kallon wanda ke cin abinci da hagu. Auta ce a tsakiya, ta lallashi wannan ta harari wancan, har murmushinta ya gaji.

Da la'asar suka isa dandalin hasumiya. Baba ya ɗaga kai ya duba. Hasumiyar na nan, amma fentinta ya kwaile, wurin ruwan ya bushe, ledoji sun taru a ciki, ko tantabara ɗaya babu. Bai gama haɗiye wannan ba sai wani matashi da kyamara a wuya ya tare shi, wai Baba a ɗauke ka, yanzu-yanzu za ka karɓa. Shi, shi za a ɗauka! Surukin ya so ya gyara, ya ce wallahi Baba ta shagonka ta fi wannan kyau. Da zuciya ɗaya ya faɗa, amma Baba ba'a ya ji.

Ya tsayar da Auta inda rana ke faɗo mata ta gefe. Ya gyara mata mayafi, ya kama haɓarta ya juya, ya kori wasu baƙi da suka tsaya a bayanta kamar filin gadonsa ne. Ya bar wuri a damanta daidai tsayuwar mutum ɗaya. Sai a lokacin abin da bai taɓa lissafawa ba ya faɗo masa: in ya shiga, wa zai danna? Masu gadi sun fara busa usur, za a rufe dandali. Auta ta dubi wurin da ya bari, ta dubi ubanta, ta gane.

Surukin ya miƙo hannu. "Kawo, Baba, ka shiga. Nuna mini inda zan danna kawai."

"Hannun da ya saba dangwalar waya ba zai taɓa kyamarata ba."

"Baba, don Allah," in ji Auta. "Ba mu da hoto ni da kai."

Ya ji maganar har cikin ƙirjinsa, kuma yana so, Allah ya sani yana so. Amma mutumin na tsaye da hannu a miƙe, agogon nan na walƙiya, sai ya ji gara ya rasa. Ya ce wa surukin ya shiga shi, tunda ya iya tsayuwa gaban komai. Bawan Allah ya shiga jiki a sanyaye. Baba ya sa ido a kyamara, ya zame ta gefe kaɗan, har surukin ya fita daga hoton, ya ce tsaya haka, ya danna sau ɗaya. A ransa ya ce ya rama.

Daga nan suka kamo hanyar gida.

Washegari ya shiga ɗakin wanke hoto, ya tsoma takarda a ruwa, ya tsaya yana jira. Hasumiya ta fara fitowa, sannan Auta. Aikin ya yi yadda ya so, Mai Agogo ba ya ciki. Sai dai hannunsa na ciki, da agogon da komai, Auta ta riƙe shi gam da hannu biyu. Fuskarta kuma ba kyamara take kallo ba. Ta juya gefen da aka yanke, idonta cike da hawaye, tana ba mijinta haƙuri. Tun tana rarrafe ba ta taɓa kawar da ido daga kyamarar ubanta ba sai ranar.

Har yau yana buɗe shago, yana faɗa da masu ƙyafta ido, yana amsa gaisuwar surukinsa da hanci. In baƙo ya tambayi ƙusar da ke tsakiyar bango ba komai a kanta, sai ya ce ta rataya hula ce.