Butar Kaka da Rediyon Baba

Shuuu ɗin rediyon Baba nake fara tunawa, yana laluben tasha da sassafe, tabarmarsa shimfiɗe a tsakar gida daidai hanyar banɗaki.

A wata damina Kaka, mahaifiyar Innarmu, ta zo daga Gafasa ta zauna da mu a Gaya saboda hawan jini. Likita ta ba ta ƙwaya mai sa fitsari, ta ce kullum da safe. Ni nake miƙa mata, ina kallon hasken taga yana sauka a furfurarta kamar an yayyafa gari.

To amma Kaka Bafulatana ce. Ko ruwa ba ta sha a gaban surukinta, balle ta ɗauki buta ta gifta shi. Ranar farko ta zauna a bakin gado tana murza ƙafafu tana salati.

"Ke 'yar boko, leƙa min, ya tashi?"

"Yanzu aka fara labarin wasanni, Kaka."

"Innalillahi! Shi ma ƙwallon yake bugawa?"

Daga ranar ta riƙa karɓar ƙwayar ta ce in je, za ta sha, sai ta tura ta ƙarƙashin katifa. Da muka koma asibiti jinin ya ƙara hawa, ga jiri. Likita ta ambaci shanyewar ɓarin jiki. Na sunkuyar da kai na faɗi maganar katifa da tabarma, Kaka tana zungurina da gwiwar hannu.

Likita ta danne dariya. Ta ce akwai wata irin, mai aiki a hankali, ba ta korar mutum da gudu. "Amma Hajiya, ita ma sai an tashi."

"Ba ni wadda aka yi wa tarbiyya," in ji Kaka.

Na gaya wa Inna da muka dawo. Washegari Baba ya naɗe tabarma, ya tayar da babur, wai zai duba gona a Kademi. Haka ya yi ta yi har kaka ta yi. Buta ta samu hanya, jini ya sauka, Kaka tana ta yabonsa: "Surukin nan nawa akwai himma."

Sai bayan na yi aure Inna ta gaya min ba mu taɓa yin gona a Kademi ba. Wurin mai shayi yake zama, a bayan layinmu, da rediyonsa, kuma shi ko shayin ba ya sha.