Waken Gidan Igarashi

Ranar da Shizue ta shigo gidan Igarashi tana amarya, abin da uwar mijinta ta fara damƙa mata shi ne wani tsohon gwangwani cike da irin waken suya. A ƙauyukan Tsuruoka kowane gida da irinsa, kuma mata ne ke riƙe da shi. Ba a sayensa a kasuwa, ba a sam wa maƙwabta. In wake ya kawo a watan Agusta, matar gida kan zaga gona ta zaɓi layin da ya fi kowanne cika da ƙamshi, ta kafa masa gora da jan ƙyalle. Sauran a tuge shi yana kore shar, a dafa da kwansonsa cikin ruwan gishiri, maza su ci da giya mai sanyi. Mai jan ƙyallen kuwa a bar shi ya bushe a tsaye, shi ne irin baɗi.

Haka Shizue ta yi ta yi har kanta ya yi fari. Mace ce mai tsadar magana, ga rowar iri kamar me. Maƙwabciyarta Fumie ta roƙa har bakinta ya gaji.

"Haba Shizue, ko cikin tafin hannu ki sam mini. Kabari za ki tafi da shi?"

"In ma na tafi da shi, ai masu shi suna can," in ji Shizue, ta ci gaba da cirar ciyawarta.

Mijinta ya rasu, 'yarta ta yi aure a nesa. Ɗanta Norio kuwa tun yana saurayi ya tafi Tokyo, inda yake aiki a wani kamfanin gyaran lif, na'urar hawa bene. Yanzu ya yi sanƙo, ya ajiye tumbi, kuma sai bikin Obon ake ganinsa, lokacin da kowa ke komawa gida don gaida magabatan da suka riga mu gidan gaskiya. Mutumin kirki ne, sai dai abin da ya sani game da wake bai wuce matse kwanso a baki ba.

Bana ruwan sama ya yi yawa. Gonar ta kwana cikin ruwa har saiwoyi suka ruɓe, layi ɗaya tak na kan tudu ne ya tsira da lafiyarsa. Gwangwanin kuma babu komai a ciki, don ta shuka duka, da ma irin wake ba ya jure dogon ajiya. Ke nan duk abin da matan gidan nan suka yi ta miƙa wa juna tun kaka da kakanni ya koma cikin wannan layi. Shizue ta kafa gorarta, ta ɗaura ƙyalle, kullum sai ta leƙa shi safe da yamma duk da ciwon gwiwa.

Da Norio ya iso bikin Obon da yamma, ta dafa masa ɗan abin da ta tsinto daga layukan da ruwa ya ci. Ya matsa kwanso ɗaya, ya duba ciki.

"Inna, wannan wake ne ko 'ya'yan marayu? Dubi yadda suka rame."

"Ci ka yi shiru. Kai da tumbin nan har kana da bakin zagin mai rama?"

Ya yi dariya, amma ya lura da yadda take dafa bango kafin ta miƙe, abin ya taɓa shi. Ya ƙudura a ransa gobe shi zai hutar da ita.

Da safe ƙamshi ne ya tashe ta. Ta san shi tun kafin ta buɗe ido, ƙamshin nan mai kama da na sabuwar masara, mai cika gida har soro. Ta lallaɓa zuwa baranda, ta tarar da tulin itatuwan wake an tuge su da saiwarsu, an tsinke kwansunan tas. Gorar na jingine a gefe. Ta ɗaga su ɗaya bayan ɗaya ko an manta da wani kwanso. Norio mutum ne mai aiki da tsafta, bai bar ko ɗaya ba.

Ya fito daga kicin da ƙaton kwando yana tururi, laka har gwiwa, fuskarsa fal murna.

"Inna, zauna kawai! Yau ke ce baƙuwa. Har tukunya na ɗora kafin in tafi gona, yadda kike yi. Kin ɓoye mai kyan kin ba ni na banza, to na gano shi, ai jan ƙyallen ne ya tona miki asiri."

Shizue ta dube shi. Ranta ya ɓaci ƙwarai, amma aikin gama ya gama, dafaffen wake ba ya tsiro. Ta ɗebi kaɗan a ƙaramin faranti ta kai gaban hotunan mamatan gidan, ta haɗa tafukanta, sannan ta dawo ta zauna a tabarma.

Ta ɗauki kwanso ɗaya ta matsa a baki. Zaƙi ya ratsa ta, ga maiƙo, ga gishiri daidai. Sai a lokacin ta tuna cewa duk tsawon zamanta a gidan nan ba ta taɓa ɗanɗana layin jan ƙyalle ba, haka ma uwar mijinta har ta rasu. Mai biye masa a kyau suka yi ta ci. Ta ɗauki na biyu, ta ɗauki na uku, kwansuna suka fara taruwa a gabanta.

Norio ya buɗe kwalbar giya da sassafen nan, wai ai biki ne.

"Kai! Wannan ko a Tokyo babu mai shi. Inna, baɗi da yarana zan zo. Ki shuka mana irin wannan da yawa, kin ji?"

Shizue ta tura kwandon gabansa.

"Na baɗin ne kake ci, Norio. Cinye kafin ya huce."